Ciwon Cikin Ranar Litinin: Abin da Yara Suka Faɗa Mini Kan Cin Zali a Makaranta

A makon jiya mun yi bayani kan yadda ake adana maganin yara na ruwa bayan an buɗe kwalba. Na gode wa waɗanda suka aiko da tambayoyi, zan amsa su nan gaba in Allah Ya yarda. Yau zan taɓo wata matsala wadda sau da yawa a kantin magani take fara bayyana, alhali kuwa ba ma sayar da maganinta.

Kwanakin baya wata baiwar Allah da ke zaune kusa da kantin da nake aiki a nan Agege ta zo sau uku cikin wata guda tana neman maganin gyambon ciki. Ɗanta ne ba lafiya, yaro ɗan shekara 12, yana aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Tun zuwanta na farko na ce ta kai shi asibiti. Ta kai shi, aka yi gwaje-gwaje, ba a ga komai ba. Da ta dawo karo na uku sai na ce, "Hajiya, wai wace rana ciwon nan ya fi tashi?" Ta yi shiru tana tunani, can ta ce daren Lahadi da safiyar Litinin. Ranar Asabar fa? Ta ce ai wuni yake yana buga ƙwallo. Lokacin hutu fa? Ta ce ko sau ɗaya bai yi ba. Sai ta tafa hannu ta ce, "Kin gani ko! Ashe lalaci ne, ƙarya yake yi mini."

Na roƙe ta kada ta taɓa shi, ta dai turo mini shi da yamma. Ya zo, na ba shi kujera, na ci gaba da aikina muna hirar ƙwallo. Sai da aka ɗauki lokaci kafin ya buɗe baki. Wasu yara uku 'yan aji uku ne suke tsare shi a bayan banɗaki duk lokacin tara. Su karɓe kuɗin tararsa, su kira shi "aboki", su riƙa kwaikwayon yadda yake Turanci sauran yara suna dariya. Rannan har suka sa shi ya durƙusa a cikin ruwan ƙazanta. Tun daga nan ya daina shan ruwa da safe don kada fitsari ya kai shi wurin. Daga ƙarfe bakwai na safe har uku na yamma ba ci ba sha. Na ce me ya hana ka gaya wa Mama? Ya ce, "Anti, in na faɗa za ta je ta yi faɗa a makaranta, in ta tafi ni za su kama. Baba kuma cewa zai yi ni ba namiji ba ne."

Ciwon na gaskiya ne

Abin da nake so iyaye su fara fahimta shi ne yaron nan bai yi ƙarya ba. Idan mutum yana cikin tsoro, jikinsa yana sakin wasu sinadarai da ke shirya shi don gudu ko kare kai. Zuciya ta ƙara bugawa, tsokoki su ɗaure, aikin narkar da abinci ya rikice. Akwai jijiyoyi da suka haɗa ƙwaƙwalwa da hanji kai tsaye, shi ya sa babba ma in zai shiga jarrabawa ko kotu yakan ji cikinsa na juyawa. To ina ga yaron da kullum sai ya koma wurin da yake tsoro? Murɗawar ciki, tashin zuciya, gudawa, ciwon kai, rashin barci, rashin son abinci, har da dawowar fitsarin kwance ga yaron da ya daɗe da dainawa, duk suna iya biyo baya.

Wannan ba ya nufin a daina zuwa asibiti. Zazzaɓin cizon sauro, taifot, tsutsar ciki da gyambon ciki duk suna nan, kuma likita ne zai tantance. In akwai zazzaɓi, ko amai da jini, ko baƙin bayan gida, ko rama, ko ciwon da ke tayar da yaro daga barci, a garzaya asibiti ba tare da jira ba. Amma in an duba ba a ga komai ba, kuma ciwon yana bin kalandar makaranta, to a canja tambaya.

Wasa ne ko cin zali?

Da yawanmu mukan ce ai yara ne, wasa suke yi, mu ma haka muka taso. Wani masani mai suna Dan Olweus, wanda ya shafe shekaru yana nazarin wannan matsala a ƙasar Norway, ya ba da alamomi uku da suke raba cin zali da faɗan yara na yau da kullum: ana yin sa da gangan, ana maimaita shi, kuma ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, ko ta jiki, ko ta yawan abokai, ko ta matsayi. Ku dubi wasan taubasai da muka sani a gida. Kowa na tsokanar kowa, kowa na da bakin ramawa, a ƙarshe a yi dariya tare. In har mutum ɗaya ne kullum ake yi wa dariya, kuma ba shi da ikon cewa a bari, an bar wasa.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Rahoton da hukumar UNESCO ta fitar a 2019 ya nuna kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya fuskanci cin zali daga 'yan uwansa ɗalibai aƙalla sau ɗaya a cikin wata guda kafin a tambaye shi. A ƙasashen Afirka kudu da hamadar Sahara adadin ya kusa rabi. Rahoton ya kuma ce kamannin jiki ne dalilin da yara suka fi ambata. A nan gida, da yawanku kun tuna bidiyon da ya karaɗe wayoyi a watan Afrilun 2024 daga wata makarantar kuɗi a Abuja, inda ake ta marin wata ɗaliba wasu na kallo, har aka rufe makarantar na kwana uku. Wanda aka ɗauka a waya ke nan. Na bayan banɗaki babu mai ɗauka.

Abin da yaran suka ce

Bayan labarin yaron nan da 'yan makonni, wata makaranta a unguwarmu ta gayyace ni in yi wa 'yan ƙaramar sakandare bayani kan illar shaye-shaye. Da na gama sai na roƙi malamai su ba mu wuri na rabin awa. Na raba wa yaran takardu, na ce kada kowa ya rubuta sunansa. Tambaya uku na yi musu: a ina ake cin zali, me ya sa ba kwa faɗa, kuma me kuke so a yi. Shekarunsu daga 11 zuwa 14 ne. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ranar na ga haka da idona.

Game da wuri, kamar sun haɗa baki. Banɗaki da bayansa, matakalar bene, layin mai sayar da abinci, kujerun baya na motar makaranta, da 'yan mintocin da ke tsakanin fitar wani malami da shigowar wani. Waɗanda suka taɓa zaman makarantar kwana suka ƙara da ɗakin kwana bayan an kashe fitila, inda manya ke kwashe wa ƙanana garin kwaki da sukari da madara, su sa su wanki da ɗibar ruwa. Wasu suka ambaci zauren WhatsApp na aji, inda ake ɗora hoton mutum a yi ta masa ba'a har tsakar dare. Duk wuraren nan abu ɗaya ya haɗa su: babu babba a wurin.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne ba duka suka fi kuka da shi ba. Baki suka fi kuka da shi. Sunan banza da ke bin mutum daga aji ɗaya har ya gama, gori kan yagaggen takalmi, kan ƙiba ko rama, kan baƙin fata, kan in'ina. 'Yan mata suka rubuta yadda ake yi wa wadda jinin al'ada ya ɓata wa siket, da wadda ƙirjinta ya riga na sauran fitowa, da yadda ƙawaye ke haɗa kai su daina kula mutum ba tare da an gaya masa laifinsa ba. 'Ya'yanmu Hausawa suka ambaci "aboki" da kwaikwayon harshe. A nan sai mu faɗa wa kanmu gaskiya, a inda muke da rinjaye 'ya'yanmu ma suna da sunayen da suke kiran 'ya'yan wasu ƙabilu da su, kuma a bakinmu suka ji. Fiye da takarda ɗaya ta ce wani sunan ma malami ne ya fara laƙaba shi a gaban aji, yara suka ɗauka. Wasu suka ce ranar da ake kiran sunayen waɗanda ba su biya kuɗin makaranta ba a gaban kowa, ranar ake samun abin gori na zango guda.

Me ya sa ba sa faɗa? Amsoshin sun yi kama da na yaron Hajiya. Tsoron ramuwa shi ne kan gaba. Sai tsoron a kira mutum ɗan gulma, abokai su guje shi. Sai kuma abin da ya fi damuna: sun gwada faɗa, ba ta yi amfani ba. Wani malamin ya ce ku je ku shirya. Wani ya haɗa mai laifi da mai ƙara ya zane su duka. Wani ya kira wanda aka kai ƙara ya gaya masa wanda ya kawo ƙarar. A gida kuma, in abin a waya ne, sai a ƙwace wayar, ya zama wanda aka zalunta shi aka hukunta.

Wata takarda ta tsaya mini a rai. Mai ita ta rubuta cewa ita ma tana dariya in ana yi wa wata, ba don abin yana ba ta dariya ba, sai don kada a juyo kanta. Wani kuma ya rubuta cewa bara an yi masa, bana shi ma ya zama babba, don me zai bari.

Da aka zo kan abin da suke so, ban ga wanda ya nemi a kori kowa ba. Sun ce malami ya riƙa zagayawa lokacin tara. A samu babba guda ɗaya da za a iya gaya wa magana ta tsaya a wurinsa. In an kai ƙara, a dawo bayan mako guda a tambaya ko an daina. A daina zane mai laifi a gaban taron ɗalibai, domin fushin a kansu yake saukewa. A kuma karɓe bulala daga hannun manyan ɗalibai.

Yara masu ciwon da ke buƙatar magani kullum

Nan ne abin ya shafi aikina kai tsaye. Yaro mai asma yakan ɓoye abin shaƙarsa a ƙasan jaka, ko ya bar shi a gida, don kada a yi masa dariya. Ranar da numfashi ya sarƙe, mintoci kaɗan ne tsakanin sauƙi da hatsari. Yaro mai sikila yana buƙatar shan ruwa da yawa, kuma fitsari yana yawan matsa masa. In tsoron banɗaki ya hana shi sha, rashin ruwa a jiki na daga cikin abubuwan da ke tayar da ciwon. Ga gori kan ƙaramin jiki da launin idonsa, ga gwale-gwale irin su tsallen kwaɗo a rana wanda jikinsa ba zai ɗauka ba. Mai farfaɗiya kuwa, in ta taɓa kayar da shi a aji sau ɗaya, sai a daina zama kusa da shi saboda camfin cewa ana ɗauka ta yawu. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu ko ta taɓawa. Amma yaron da kunya ta sa ya tsallake maganinsa, ciwon zai iya dawo masa.

In ɗanku yana cikin waɗannan, ku riƙa ƙirga maganinsa. In ƙwayoyin da ya kamata su ƙare ba su ƙare ba, ku tambaya a hankali. Ku sanar da malamin ajinsa da mai kula da ɗakin shan magani na makaranta, ku kuma nemi a ba shi damar fita banɗaki da riƙe gorar ruwa ba tare da dogon bayani a gaban aji ba.

Ga masu makarantu da malamai

Yawancin abin da yaran suka nema ba ya cin kuɗi. Ku ba ɗalibai takarda ba suna, su zana muku wuraren da suke tsoro, sannan ku raba wa malamai aikin tsayuwa a wuraren nan lokacin tara da lokacin tashi. Ku yi haka kowane zango, domin wuraren suna canjawa.

Ku rubuta doka a fili, da harshen da ɗan aji ɗaya zai gane, mai bayyana abin da ake kira cin zali da matakin da za a ɗauka. Ku ware malami namiji da mace da za a riƙa kai wa ƙara, ku ajiye akwatin saƙo a inda mai jefawa ba zai zama abin kallo ba, kuma a riƙa buɗe shi. A saurari kowane ɓangare daban, kada a haɗa su a ce su gaisa a wuce wurin. A rubuta abin da ya faru, a sanar da iyaye, a koma a bincika.

Ku mayar da hankali kan 'yan kallo. A ƙasar Finland akwai wani shiri mai suna KiVa, wanda Jami'ar Turku ta tsara, aka bazu da shi a makarantun ƙasar daga 2009. Tushensa shi ne mai cin zali yana neman 'yan kallo ne, dariyarsu ita ce ladansa. Sai aka koya wa sauran yara ƙananan abubuwan da za su iya yi ba tare da sun shiga faɗa ba: su ƙi dariya, su je su zauna kusa da wanda aka ware, su sanar da babba. Wannan ya yi daidai da abin da yarinyar nan ta rubuta mini. In ta san ba ita kaɗai za ta ƙi dariyar ba, za ta ƙi.

Shugabannin ɗalibai su zama masu kula da ƙanana, hukunci ya tsaya a hannun malamai. Maganar bashin kuɗin makaranta a yi ta da iyaye a ofis. Malami kuma ya kiyaye harshensa, domin sunan da ya kira yaro da shi cikin fushi na minti ɗaya zai iya bin yaron shekara shida. Shi ma mai cin zalin a bincika halin da yake ciki, sau da yawa akwai abin da ke faruwa da shi a gida. Wannan duk ba alfarma ba ce makaranta za ta yi. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta ba kowane yaro haƙƙin a mutunta shi, kuma a 2021 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da manufar ƙasa kan tsaro da kawar da cin zarafi a makarantu. Alhamis ta farko a watan Nuwamba kuma ita ce ranar da UNESCO ta ware don yaƙi da cin zali a makaranta, dama ce mai kyau ga ƙungiyar iyaye da malamai ta zauna kan batun.

Ga mu iyaye

"Yaya makaranta?" amsarta kullum "lafiya lau" ce. Ku gwada wasu tambayoyin: da wa ka ci abinci yau? Akwai wurin da ba ka son bi a makaranta? Wa aka fi tsokana a ajinku? Yaro ya fi sakin baki in ana tafiya ko ana wani aiki tare, ba a tsare shi da ido ba. Ku lura da kuɗi ko kayan da ke yawan ɓata, riga a yage, dawowa da yunwa mai tsanani, faɗuwar maki, ko yaron da ya riƙa firgita in saƙo ya shigo wayarsa.

In ya faɗa, kalmar farko ta zama "ka kyauta da ka gaya mini, ba laifinka ba ne." Kada a ce ya je ya rama, domin waɗanda suka fi shi ƙarfi ne ko yawa. Ku shawarce shi kan matakin da za ku ɗauka kafin ku ɗauka. Ku rubuta rana da wuri da abin da ya faru, ku adana saƙonnin waya, ku je makaranta cikin natsuwa ku nemi a sa ranar da za ku dawo jin sakamako. In kuma aka ce ɗanku ne ke yi, kada ku ce kun san tarbiyyar da kuka ba shi. Ku saurara, ku nuna masa ba ku yarda da aikin ba, ya nemi gafara, ku kuma duba yadda yayye ke mu'amala da ƙanne a cikin gidanku.

Ta ɓangaren magani, ina roƙonku da abubuwa huɗu. Kada farasitamol ya zama karin kumallon yaro, wuce ƙa'idarsa yana lalata hanta. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen suna iya ƙwarzar ciki, musamman in babu abinci, aspirin kuwa ba a ba yaron da bai kai shekara 16 ba sai da umarnin likita. Kada a saya wa yaro maganin barci ko na ƙara cin abinci don ya rame ko ba ya barci, wasunsu sa shi gyangyaɗi za su yi a aji, dalilin kuma yana nan. Na huɗu, ku kulle magunguna da fiya-fiya da sauran magungunan ƙwari. In yaro ya fara cewa ya gaji da rayuwa, ko gara ya mutu, kada a ɗauke ta maganar yara. A zauna da shi, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi ga likita a ranar. Ku kuma sani cewa yaron da ke neman abin da zai cire masa tsoro shi ne wanda masu tallar tiramadol da makamantansa suka fi saurin samu.

Yaron Hajiya fa? Da yardarsa ta je ta sami malamin ajinsu ita kaɗai, ba hayaniya. Aka sa malami yana tsayawa kusa da banɗaki lokacin tara, aka kira iyayen yaran uku. Sai da ta koma sau biyu kafin abin ya tsaya gaba ɗaya. Rannan ta shigo sayen auduga, na tambaye ta mai ciwon ciki, ta ce yanzu matsalarta ɗaya, tuwo ba ya isarsa.

A daren Lahadin nan, in kuna haɗa wa yara jaka da kayan makaranta, ku ɗan dubi fuskokinsu. Masu tambaya ko ƙarin bayani ƙofa a buɗe take kamar kullum. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya kare mana su. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.